Azumin da Ban Ɗauka Ba

Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Gamboru da ke Maiduguri, dabino da kanwa nake sayarwa, sana'ar da mahaifina ya zo da ita daga Kano tun ban san kaina ba. Abokina kuwa malamin makaranta ne, Kirista, ɗan ƙasar Biu. Benci ɗaya muka zauna a sakandare, kuma har furfura ta fara fito mana ba mu rabu ba. Ina ce masa Malam, shi kuma yana ce min Alhaji tun kafin in san hanyar filin jirgi.

Shi ya kawo shawarar tafiyar. Ya ce shekara ashirin yana zana wa yara tudun rairayi a allo, bai taɓa taka ko ɗaya ba, har ya fara jin kamar damfararsu yake yi. Ni kuma da nake zuwa Yusufari sarin kaya, ban taɓa ganin duwatsun garinsu da ya ishe ni da labarinsu ba. Muka shirya za mu fara gaida mahaifiyarsa a ƙauye, mu kwana a Biu, washegari mu miƙa arewa. Kwana uku bayan ƙaramar Salla, ana tsakiyar zafi, muka tayar da tsohuwar akori-kurata.

Ta Damaturu muka bi. Da muka fara hawan tudun Biu motar ta shiga nishi, Malam yana ta yi mata tsiya, wai ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta ragwaye. Ni kuwa gaskiya duwatsun sun cika min ido. Baƙaƙe ne, an tsince ƙanana an jera su gefen gonaki, iska kuma ta yi sanyi har na sauke gilas.

Ƙauyensu yana gindin wani dutse. Kafin mu kai ƙofar gidan muka wuce wani shinge na maƙwabta, na leƙa na ga aladu uku suna kwance. Mahaifiyarsa ta fito, 'yar tsohuwa mai ƙaramin jiki, ta riƙe hannuna biyu tana cewa yau dai ta ga ɗanta na Maiduguri. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Ba a jima ba ta kawo tuwon dawa da kaza guda, ta ajiye a gabana, ta durƙusa tana buɗe kwanukan da kanta.

Na kalli kazar, na tuna shingen nan. Wa ya yanka ta? A wace tukunya aka dafa? Tambaya ɗaya zan yi wa abokina a raba gardama, amma na ji nauyin yin ta, sai na zaɓi abin da ya fi ta muni.

"Mama, ki yi haƙuri," na ce, "ina Sitta Shawwal."

Ta san azumin, na kwana shida da ake yi bayan Salla, don ta zauna da Musulmi duk rayuwarta. Sai ta rufe kwanon da sauri kamar ita ce ta yi laifi, ta shiga yi wa ɗanta faɗa don me bai gaya mata ba. Ta tambaye ni saura nawa, bakina ya ce saura huɗu. A gida na karya kumallo kafin mu taso, a hanya kuma bai ga na sa komai a baki ba, saboda haka maganar ta zauna daram. Shi ma ya ƙi ci, ya ce sai an sha ruwa. Tsohuwar ta juye komai a kula biyu, ta sa min cinyoyin a tawa, ta ce idan na sha ruwa in sa ta a addu'a.

A masaukinmu na Biu, da aka kira magariba, na ce masa zan buɗe baki a masallaci. Na ɗauki kulata na miƙa wa maigadi, na sayi shayi da burodi a bakin titi. Da na dawo ya tambaye ni yaya girkin tsohuwa, na ce rabon da in ci irinsa har na manta.

Abin da ban lissafa ba shi ne washegari. Mun taso da asuba, muka sauko daga duwatsu, muka wuce Damaturu, itatuwa suka yi ta raguwa, rana ta buɗe sosai. Akwai jarkar ruwa a bayan kujera, amma bai taɓa ta ba. Na ce masa ya sha mana, shi ai ba azumi yake ba. Ya ce tun muna makaranta bai taɓa ci ko sha a gaban mai azumi ba, ba kuma yau zai fara ba da girmansa. Na san haka yake. Duk watan Ramadan, in ya zo shagona, ko goro ba ya ɓantara.

A Gashuwa na tsaya sallar azahar. Na zagaya bayan masallaci da sunan alwala, na sayi ruwan leda biyu na shanye a tsaye, ina waige-waige kamar ɓarawon akuya. Na goge bakina na dawo na same shi a mota, leɓɓansa sun bushe, yana duba taswira. Na tambaye shi ko ya sha wani abu da na tafi, ya ce motar a gaban masallaci take, kuma wa ya san masu azumi nawa ne a wurin. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma na murza makulli muka ci gaba.

Bayan Yusufari kwalta ta ƙare. Na san hanyar, sai dai ranar hankalina ba ya kanta, na saki sawun motocin da suka riga mu, tayoyin baya suka nutse. Muka rage iskar tayoyin, muka tone rairayin da hannu, muka cusa kabar goruba a ƙarƙashi. Ya ce in shiga in ja, shi zai tura, tunda ni ne mai azumi. Na shiga. Sau uku ina taka mai yana turawa, a na huɗu na duba madubi ban gan shi ba.

Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da taya, idanunsa a lumshe, ko gumi ya daina yi. Na ɗauko jarkar na kai bakinsa. Sai ya kawar da kai, ya ce da wata 'yar murya in ba shi ya zagaya ɗaya gefen motar ya sha, kada ya tayar min da ƙishi. Mutumin da ba ya iya miƙewa.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ɗaga jarkar na sha a gabansa, ruwan yana zuba a rigata, sannan na ce masa ba azumin da nake yi, jiya ma ban yi ba. Ya karɓi jarkar ya sha a hankali, ya zuba kaɗan a kansa, sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya yi magana.

"Kazar fa?"

Na gaya masa inda ta tafi. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya ce tun da ya yi wa tsohuwar waya cewa zan zo, ta aika ƙauyen da ke bayan dutse aka kira mahauci Musulmi ya yanka kazar da hannunsa. Tukunyar sabuwa ce, kwanukan ma sababbi, ranar kasuwa ta sauka ta sayo su da ƙafarta mai ciwo. Ya ce haka ake yi a garinsu in za a yi baƙo Musulmi, tun kakanninsu, ba wanda yake jira a roƙe shi. Na ce masa ban sani ba. Ya ce ai ban tambaya ba.

Wasu masu raƙuma ne suka biyo suka taya mu fitar da motar. Na ja muka tafi. Can da tuddan rairayin suka bayyana, jajaye, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, na tsaya don ya sauka ya taka abin da ya zo dominsa. Bai buɗe ƙofa ba. Yana kallonsu ta gilas ya ce ba zai gaya wa tsohuwar ba, gara ta ci gaba da addu'ar da take yi min.

"Amma matata ta daɗe da faɗa min cewa ƙyamar abincinmu kake yi, Alhaji," ya ce. "Shi ya sa in ka zo gidanmu lemon kwalba take kawo maka, ba ta ma buɗewa. Shekara goma sha biyar muna wannan gardamar da ita. Ni ne nake ce mata ba haka kake ba."