Waƙar da Matarsa Ta Fi So

Ina jiran layi a shagon buga takardu. Wani dattijo na zaune kusa da mai kwamfuta, yana faɗa masa abin da za a rubuta a takardar jana'izar matarsa. Rigarsa ta sha guga, amma maɓalli ɗaya ya tsinke, da alama mai ɗinke masa ce ta tafi. 'Yarsa na tsaye a bayansa, ta rungume wani Littafi Mai Tsarki da aka ɗaure da roba saboda bangonsa ya rabu.

"Rubuta, mace mai haƙuri, mai tsoron Allah. Shekara talatin da shida ba ta taɓa ɗaga mini murya ba." Yana faɗa yana gyaɗa kai, sai ka ce shi aka ba lambar yabo.

Ban san matar ba, amma ina hango ta. Ta share coci ranar Asabar, ta kai yara sujada, ta durƙusa ta fara addu'a da sunan wannan mutumin kafin nata.

Mai kwamfuta ya ce, "Baba, wace waƙa ta fi so? A shafin ƙarshe muke sa ta."

Dattijon ya buɗe baki ya rufe. Ya sosa ƙeya. "Sa ko wacce. Ai duk na Allah ne."

'Yar ba ta ko ɗago kai ba. "Kullum da asuba take rera ta, Baba, tana wanke-wanke. Kai kake ce mata ta yi shiru, tana hana ka barci."