Aljihun Mai Tanka

Mai Tanka bai taɓa jefar da ƙwallon ɗan itace ba. In ya sha tsamiya ko ya ci kanya, sai ya tsotse ƙwallon tas, ya goge da bakin riga, ya jefa a aljihu. Matarsa ce ke shan fama ranar wanki.

"Malam, wai wannan aljihu ne ko rumbu?"

"Bar su, uwar yara. Baƙi ne, masauki nake nema musu."

Shekara ashirin da shida yana tuƙa tankar ruwa ta hukumar gari, yana shayar da itatuwan bakin titi. Duk darbejiya ce, jere reras. Shi kuwa abin bai kwanta masa ba. Ya taɓa ce wa ogansa, tunda jininsu ɗaya, ciwon da ya kama guda zai kwashe su duka. Oga ya yi dariya, ya ce a riƙe tiyo, a bar shawara.

Sai ya koma bayan gidansa yana shuka ƙwallayen a gwangwanayen madara. Duk inda darbejiya ta mutu a layinsu, ya cike gurbin da abin da ya tsiro masa: nan marke, can ɗinya, gaba maɗaci. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya dasa iri ɗaya kusa da juna. Telan layin ya yi ta tsokanarsa, wai wurin ya zama haƙoran tsohuwa, wani dogo wani gajere.

Shekarar da ƙwaro ya faɗa wa darbejiya, babban titi ya yi fayau, ko ganye babu. Layinsu kaɗai ya tsira da inuwa. Tela ya jawo kekensa ƙarƙashin marke, ya sunkuyar da kai yana ɗinki. Mai Tanka ya zo wucewa.

"Sannu da hutawa, Tela. Yaya haƙoran?"

Oga ma ya aiko a ji ko da ragowar gwangwani.

Ƙofar gidan Mai Tanka ce kawai ba itace. Kullum sai ya ce bari ya gama da na mutane. Da bazara ya haƙa ramin, ya ware gwangwani ɗaya, bai faɗa wa kowa abin da ke ciki ba. Kafin ruwa ya sauka, kwanansa ya ƙare.

Ramin na nan, an rufe shi da tsohon faranti. Tsiron ya yi ganye huɗu. Tela ya rantse gwaiba ce. Matar ta ce ita ta wanke aljihun nan shekara da shekaru, ta san kanya in ta gan ta. Tana dai ba shi ruwa safe da yamma, tana duban gabas.