Irin Geron da Babana Ya Binne

Bana shekara arba'in da rasuwar babana, Malam Abdu, amma har yau in na shiga Gaffati akwai masu kirana ɗan wanda ya ci iri.

A shekarun fari, da yunwa ta kai mutane ga cin irin shuka, dangi suka tara ɗan geron da ya rage suka damƙa masa, don shi ne babba. Ya binne a daji shi kaɗai, kada wani ya ga kukan 'ya'yansa ya je ya tone. Da bazara sanƙarau ya kwantar da shi. Ya tashi, amma da ruwa ya sauka aka ce ya nuna wurin, sai ya tsaya yana kallon mutane. Ko binnewar bai tuna ba.

Da ya manta komai, da an ce ciwo ne. Amma yana kawo sunayen raƙuman kakansa na Zango ɗaya bayan ɗaya, yana karatun sallarsa ba gyara. Ƙanensa, Baffa Ilu, ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Mai tuna raƙuman kaka ne zai manta abin jiya? Yaya, ka ci, ka ce ka ci!" Gonakinmu ba su ga shuka ba. Daga nan aka daina amsa sallamar babana, ya mutu yana tambayarmu laifin da ya yi.

Bara ni na kai Baffa Ilu Yamai, don tsufa ya sa yana ɓata a hanyar masallaci. Aka saka kansa cikin na'ura, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ta nuna mini wani ɗan wuri can ciki, daidai saitin kunne, ta ce nan sabon abu ke fara zama kafin ya kafu. In wurin ya lalace, na kwanan nan yakan zube, na dā ya zauna daram. Na ce zazzaɓi mai tsanani yana iya haka? Ta ce ƙwarai kuwa.

Raina ya ɓaci har na kasa yi mata godiya. Da babana ya ga hoton nan, na san ba zai zagi kowa ba, hamdala zai yi. Ni ban gaji haƙurinsa ba.

Da muka dawo na zaunar da Baffa na yi masa bayani. Ya yi kuka, ya ce, "Wayyo Yaya, na cuce ka. Gobe ka tara mini mutane, in faɗa da bakina."

Washegari na tara su a ƙofar gida. Baffa ya fito da sandarsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ba ɗan Abdu ba ne? Ubanka ne ya cinye mana iri."