Fitilar Ƙoshin Lafiya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da muka tafi Bangi neman aure ba, ni da motata da bakin nan nawa da bai iya cewa "ban sani ba".

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina sayar da hatsi a kasuwar Kontagora, Allah ya hore mini mota 'yar Kwatano. Kai, na yi ɗagawa! Ko masallacin unguwa zan je sai na tayar da ita. Akwalar da na saba ja a da ba ta gargaɗin kowa, in ta gaji sai ta tsaya kawai. Wannan kuwa, ranar da layin gidan mai ya gagare ni na sha mai a wajen 'yan bumburutu, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, da hoto kamar kan famfo. Na ga mota na tafiya lafiya lau, na share ta.

Ana nan aka sa ranar da za a je nema wa ƙanena aure. Iyayen yarinyar suka ce a iso kafin azahar, don akwai wasu manema da ke jiran mu yi sake. Kawunmu ya ce a ɗauki shata a tasha. Na ce, "Haba Kawu, wace tasha ina da mota?" Na ɗebe shi da dattawa biyu, goro da alewa a but.

Muna barin gari Kawu ya nuna fitilar da carbinsa. "Ɗan nan, wannan wutar fa?"

"Ai motocin zamani haka suke, Kawu. In inji na cikin ƙoshin lafiya sai ta kama."

"Ikon Allah!" in ji dattawan baya.

Wallahi ni kaina na soma yarda da maganar. Da muka yi nisa sai fitilar ta fara ƙyaftawa, mota na fizga tana shessheƙa.

"To yanzu kuma fa?" Kawu ya tambaya.

"Lafiyar ce ta ƙaru," na ce, gumi na bin bayana.

Ba a jima ba motar ta yi tari ta mutu a tsakiyar gonakin dawa. Na buɗe bonet na zuba wa inji ido kamar na san abin da nake nema. Dattawa suka naɗe manyan riguna suka yi ta turi har numfashinsu ya ƙare. Azahar ta yi ta wuce. Nan tsoro ya kama ni na gaske, ina tunanin da wane ido zan kalli ƙanena in na koma.

Wata a-kori-kura ɗauke da awaki ce ta cece mu. Kawu ya shiga gaba, mu muka haye baya, na rungume goron ina kokawa da wata akuya da ta nace wa ganyensa.

Bayan la'asar muka isa, an riga an fara naɗe tabarmi. Mahaifin yarinyar ya amsa sallama fuska ba walwala, hancinsa ma ya gaya masa da wa muka taho. Kawu ya gyara murya ya ce, "Ku gafarce mu. Motar ɗanmu ce lafiya ta yi mata yawa." Ya kwashe labarin kaf, bai rage mini komai ba. Dariya ta ɓarke, mutumin har da share hawaye. Aka sake shimfiɗa tabarmi, aka ba mu.

Da aka jawo motar, bakanike ya ce man a gauraye yake da kananzir, ya kashe fulogai. Ya ce in fitilar ta kama ba ta ƙyaftawa, a kawo motar a duba da wuri. In tana ƙyaftawa, a faka a kashe inji.

Matar ƙanen nan nawa yau har jikoki gare ta, amma in ta zo duba ni ina kwance sai ta ce, "Yaya, jikin ne, ko lafiyar ce ta ƙaru?" Ina dariya, amma na ɗauki darasi: abin da ban gane ba, na daina yi masa fassara. Ina cewa ban sani ba, in nemi wanda ya sani.