Motar da Yaya Ya Bari a Gefen Titi

Mai abu ya karɓi abinsa. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, da hantsi, Allah ya yi wa yayana rasuwa, wanda kowa a tasha ke kira Mai Sigina, don ba ya shan kwana bai kunna sigina ba.

Yaya, shekara ashirin da bakwai kana jan babbar bas, ba ka taɓa kwana da fasinja a daji ba. Tsofaffi har ƙofar gida kake sauke su, yaran tasha suna yi maka tsiya. Da ciwon suga ya ci ƙafarka ta dama, ni na kawo maka na'urar gem da wasan tseren mota, irin wanda ake sakar wa mutum ƙasa guda ya zaga yadda ya ga dama. Kashi na biyu ne. Na zaci kwana uku za ka yi ka ture, sai ga shi kun shekara shida tare.

Tsere kuwa ba ka taɓa shiga ba. Motoci na wuce ka fuu, kai kana hannunka, kana rage gudu a kwana, kana tsayawa a mararraba. Da na uku ya fito na saya maka, na huɗu ma haka. Kowanne ya fi na baya girman taswira da yawan motoci, ruwan sama kamar ka sa hannu ka taɓa. Ka gwada kowanne rabin awa, ka ce, "Ƙanena, sun ƙara kaya, sun rage hanya." Wallahi maganar nan ta daɗe tana cin raina. Me na biyu yake da shi, mai bishiyoyi kamar an yanko su daga kwali?

Ranar Lahadin ƙarshe na matsa maka ka faɗa min. Ka yi dariya ka ce, "Zo ran Juma'a, akwai hanyar da zan kai ka. Na ajiye motar gem ɗin a bakinta." Ba ka kai Juma'ar ba.

Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakinka na kunna na'urar. Ga motar a gefen titi, a fake tsaf. Sai na kasa jan ta. Gem ɗin wuri ɗaya kawai yake riƙewa, da zarar na motsa ta, inda ka bar ta ya goge ke nan. In kuma ban motsa ta ba, ba zan taɓa sanin abin da ka so nuna min ba. Kwana biyu ina kunnawa ina kashewa.

A rana ta uku matarka, Anti, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ja ta mana. Ka san ba ya son mota a ajiye."

Na ja. Minti ashirin ina tafiya tsakanin gonaki da turakun wuta, babu tsere, babu kyauta, babu kibiya mai nuna hanya, babu muryar nan ta sababbin da ke ta kiran mutum zuwa gasa. A ƙarshe kwalta ta ƙare a wani fili. Na duba ko'ina, ban ga komai ba.

"Anti, me yake kallo a nan?"

Ta ce, "Ai ba ya kallon komai. Zaunar da mutum yake a gefensa, ya yi ta ba shi labarin hanya har a iso. Sababbin nan, ya ce ba sa yin shiru mutum ya yi magana."

Shekara shida ina kawo maka faifai ina fita da sauri, Yaya, ban taɓa zama na minti ashirin ɗin nan ba. Abin ya yi min ciwo, har yanzu yana yi.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce masaukinka. Anti da yara da abokan aikinka na tasha, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.