Laminu, mai gyara mana kat a Guangzhou

Ina buɗe shago a titin Zhanxi Lu da safen nan aka kira ni. Wai Laminu ya faɗi a masaukinsa bayan sallar asuba, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, Laminu mutumin Maradi ne, kayan babur yake saye yana turawa gida. Shi ya fara ja na filin tseren kat da ke bayan gari, ƙananan motocin nan da mutum ke zama kamar a ƙasa.

Ranar farko duk kwanar da na shiga sai motar ta ƙi juyawa, ta miƙe da ni cikin tayoyin gefen hanya. Na fito ina cewa ƙibata ce.

Ya yi dariya ya ce, "Bakano, nauyinka ba laifi ba ne. Inda yake tafiya in ka taka birki, shi za mu gyara."

Ya durƙusa ya ɗan ɗaga bayan shasin sama da gaba, don nauyi ya riƙa sauka kan tayoyin gaba. Ya ce in daina kwantowa cikin kwana, in bar jikina ya tafi waje, tayar baya ta ciki ta ɗaga kaɗan. Na koma, mota ta juya kamar ba ita ba.

Haka yake yi wa kowa. Har laoban, wato oga mai filin, in motar wani ta gagara, sai ka ji yana ƙwala masa kira.

Lokacin da na kwanta zazzaɓi, shi ya riƙa dafo min tuwo a ɗakinsa yana kawowa.

Lahadin da ta wuce muka rabu a filin. Zagaye kaɗan ya yi ya fito yana haki, ya zauna kan taya. Na ce lafiya? Ya ce gajiyar yawo a kasuwar baje-kolin Pazhou ce kawai. Sai ya nuna min hoton wani fili a bayan Maradi, ya ce, "Nan zan yi wa yaranmu wajen tsere. In na koma bana, ba na dawowa."

Bai koma ba. A nan za a binne shi. Matarsa na da tsohon ciki, mahaifiyarsa kuma ko kabarinsa ba za ta gani ba. An ce ni zan kira mahaifiyar, tun ɗazu nake kallon lambar na kasa dannawa.

Wallahi garin nan ya fita daga raina.

Allah Ya jiƙanka Laminu, Ya sa kabarin baƙunta ya zame maka dausayin Aljanna, Ya raya abin da ke cikin matarka.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa addu'a. Ku haɗa da tsohuwarsa.