Ruwan Wankin da Na Zuba a Motar Malam

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar maigidana, Malam Habu direba, wanda ke jigilar fasinja tsakanin Bebeji da Doguwa. Duk lokacin da damina ta kankama mutane kan tuna da shi, su yi mini sabuwar ta'aziyya, su yaba haƙurina. Ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Tun ranar da aka kawo gawarsa ban yi kukan kirki ba. Ina dai tashi in tafi makarantar da nake koyarwa, in dawo in ɗora tukunya, in kwanta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata magana da na haɗiye ni kaɗai duk shekarun nan, sai watan jiya ta fito.

Malam mutum ne mai tsirfa a kan mota. Tankin nan na ruwan wanke gilashin gaba, ba a zuba masa ruwa sai an tace shi da farin ƙyalle. Ya ce ruwan rijiyarmu yana da yashi, yashi kuma shi ke toshe rariyar famfo. Nakan yi masa tsiya in ce motar ta fi mu shan ruwa mai kyau. Shi kuma ya ce mu ai muna da bakin ƙorafi, ita ba ta da shi.

Ranar wata Talata ce. Ya ce in cika masa tankin kafin ya dawo daga gaida mahaifiyarsa. Na riga na makara, ga bokitin ɗaurayar kayan makarantar yara a gabana, ruwan da saura kumfa a ciki. Na ɗaga bonat na tuttula shi, ina ce wa kaina ai mai sabulu ma ya fi wanke gilashi. Ya dawo ya tambaye ni ko na tace, na ce na tace.

Bayan la'asar, a cikin dajin Falgore, ruwan sama ya ɗauke ba da jimawa ba, wata babbar mota da ke gabansa ta watsa masa taɓo a gilashi. Fasinjan da ke gidan gaba ya rayu, shi ya ba da labari a zaman makoki, labarin ya iso mana cikin gida. Ya ce Malam ya ja abin feshin ruwa sau biyu ko uku, ruwa bai fito ba, waifa kuma sai shafe taɓon take yi, bai ga kwanar da ke gabansa ba, motar ta saki hanya. Kowa ya ce ajali ne. Na yi imani ajali ne, ban taɓa shakka ba. Amma ni na san abin da ke cikin tankin nan, kuma na san na ce masa na tace.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga direbobin yanzu. Rabin motocin da nake shiga zuwa Kiru famfonsu ya daɗe da mutuwa. Direba na tafe zai fasa ruwan leda da haƙori, ya zuro hannu ta taga ya matsa wa gilashi, sitiyari a hannu ɗaya. Da Malam ne fasinja da tuni ya ce a sauke shi, bayan ya yi wa direban huɗuba. Ni ba na cewa komai. Ina kallon ruwan yana gangarowa, ba na jin tsoro, ba na jin haushi.

Watan jiya ƴarmu ta fari, wadda yanzu take aiki har ta mallaki ƴar ƙaramar mota ta hannu, ta ce feshin ruwanta ya daina aiki. Na ce ba za ta sake hawa titi ba sai an gyara, na kuma bi ta har Tudun Wada wurin Sule, ƙanin Malam, mai gyaran wayoyin mota. Da can ni da Sule ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, irin wasan nan na matar wa da ƙanin miji. Tun rasuwar sai gaisuwa kawai.

Ya ce mata ta kunna mota ta ja abin feshin, shi kuma ya kara kunne kusa da tankin. Ya yi mata bayani cewa idan famfo ya yi ƙara amma ruwa bai fito ba, to wuta na zuwa, sai a nemi toshewa ko tiyon da ya cire. Idan kuwa shiru ne, a fara da fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa, sannan waya, famfo shi ne na ƙarshen zargi. Nata shiru ne. Fis lafiya lau, ashe bakin wayar ne ya yi tsatsa. Ya kankare, ruwa ya fito ta idon feshi ɗaya, ya sa allura ya buɗe ɗayan. Duka bai fi minti goma ba. Ya ce Yaya ne ya koya masa bin abin daki-daki haka.

Da ƴar tawa ta shiga cikin gida yin sallah, sai na ji bakina ya buɗe.

"Sule, idan aka zuba ruwan wanki a tankin nan, zai iya toshe famfo a wuni ɗaya?"

"Sai dai in da zare ko datti mai yawa a ciki. Me ya faru, Matar Yaya?"

Na faɗa masa duka, har ƙaryar tacewar. Ya shiga shago ya daɗe, ya fito da wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai ɗan famfo baƙi, bai kai tafin hannuna ba. Ya ce na motar Malam ne, ya cire shi kafin a sayar da ragowar ƙarfen.

"Kwana uku kafin abin ya faru Yaya ya kawo mini ita, ɓera ya ci wayar famfon," in ji shi. "Ba ni da bakin haɗi a ranar. Na murɗa wayar da hannu na naɗe ta da salatif, na ce ya dawo Juma'a in yi masa na gaske. Shekara takwas ban iya gwada shi ba."

Ashe mu biyu ne, kowa da nasa, muna gaisawa a biki da suna.

Ni na ce a gwada. Ya tsoma bakin famfon a ruwa, ya jona wayoyi biyu a batir. Da farko bai motsa ba, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da sukundireba, sai ya kama ƙara yana feso ruwa har kan takalmina. Sannan ya zare ƴar rariyar da ke bakinsa ya ɗaga ta a rana. Tas take, ko zare ɗaya babu.

Wannan ita ce amsar da na yi shekara takwas ina so. Na tsaya ina jira in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, ban ji ba. Abin da na gani shi ne Sule ya ƙura wa wayoyin ido, domin idan famfo lafiya yake, rariya kuma ba ta toshe ba, shi da ya san aikin ya san abin da ya rage: wayar da ya naɗe da salatif.

Na ce masa, "Ka manta motar ta kwana biyu a daji, tankin a fashe, ruwan sama na dukanta. Ko me ke cikin rariyar nan ai ya wanke."

Ya dube ni. "Haka ne kuwa, Matar Yaya?"

"Haka ne mana. Wannan bai nuna komai ba."

Ban sani ba ko gaskiya na faɗa. Mai yiwuwa ne, ba zan rantse ba. Na dai ga ba zan iya sauke nawa in ɗora masa duka in hau mota in tafi gida ba.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Malam, ba mota, ba fili. Akwai ƴar da ba ta hawa titi da mataccen famfo, akwai ƙanin da ke kara kunne kafin ya ɗauki sifana, akwai ni da har yanzu ban yi kuka ba. Malam da ba ya yanke wa famfo hukunci sai ya duba fis, ban jin zai yarda da irin hukuncin da muka yanke wa kanmu. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa, mu ma Ya yafe mana. Da za mu taho Sule ya miƙo mini gwangwanin, na ce ya riƙe famfon, ni na ɗauki rariyar na ƙulle a bakin mayafina.